Ɓargon ƙanena da garkuwar jikina

An haife ni da sikila, mai tsananin, wato SS. Ba zan tsaya dogon bayani kan ciwon ba, don duk mai ita ko mai jinyar mai ita ya san shi: ciwon ƙashi da ke hana barci, kwanciya asibiti, ƙarin ruwa, ƙarin jini, karatu a yi rabi a bar rabi. Abin da nake son ba da labari a kai shi ne abin da ya biyo bayan an yi mini dashen ɓargo. Yawancin masu tambayata suna ɗauka ranar da aka sa mini ɓargon ita ce ranar da aka yi ta ta ƙare. Alhali a cikin tafiyar gaba ɗaya, babu ranar da ta kai ta sauƙi.

Na riga na girma lokacin da likitan jinina ya fara kawo maganar dashe. Ciwon ƙirji ya kwantar da ni a jere, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna alamar jini ya taɓa tsayawa a wasu ƙananan jijiyoyi ban ma sani ba, aka ɗora ni kan ƙarin jini a kai a kai. Shi kuma ƙarin jinin ya tara mini sinadarin ƙarfe a hanta, sai da aka haɗa mini da wani maganin na fitar da shi. Likitan ya zaunar da ni da Umma ya ce, "Magungunan nan duk jinkirta abin suke yi. Masana'antar jinin ce ke da matsala, kuma ana iya canza ta."

A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan da ake kira ƙwayoyin tushe. Su ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini, da farare, da masu daskarar da jini in an ji rauni. Nawa suna haifar da jajaye masu lanƙwashewa, to sai a kawo na wani lafiyayye su maye gurbi. Amma akwai abin da ya ce wanda sai daga baya na gane nauyinsa. Fararen ƙwayoyin jini su ne garkuwar jiki, kuma daga ƙwayoyin tushen nan suke fitowa. Ke nan wanda aka dasa wa ɓargon wani, garkuwar jikin wancan mutumin aka dasa masa. Mai dashen ƙoda tsoronsa ɗaya ne, kada jikinsa ya ƙi ƙodar. Mai dashen ɓargo tsoronsa biyu: kada tsohuwar garkuwarsa ta kashe sabon ɓargon, kada kuma sabuwar garkuwar ta juyo ta afka wa jikinsa. Magungunan da aka ba ni tun daga farko har yau, kusan duk a kan waɗannan biyun suke.

Matakin farko shi ne neman wanda zai bayar. A jikin kusan kowace ƙwayar halittar mutum akwai wasu alamomi da ake kira HLA, da su garkuwar jiki ke tantance nata da wanda ba nata ba. Wani likita Bafaranshe, Jean Dausset, shi ya fara gano ɗaya daga cikinsu a 1958, ya samu lambar Nobel a 1980. Kafin a fahimce su, waɗanda aka yi wa dashen ɓargon wani kusan duk ba su kai labari ba. Donnall Thomas a Amurka ya fara sa wa marasa lafiya ɓargon wasu tun 1957, amma sai da aka iya daidaita HLA abin ya fara kamawa. A 1968 aka yi nasara kan wani jariri a Minesota ta Amurka da aka haifa ba shi da garkuwar jiki, da ɓargon yayarsa. Sikila kuwa sai a 1984 aka ba da rahoton wadda ta fara warkewa ta wannan hanya, wata yarinya da aka yi wa dashen saboda sankarar jini, sai aka ga sikilarta ma ta tafi.

Alamomin nan gado ne. Suna zaune a kuromosom na 6, ɗaya daga cikin ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayar halitta, mutum yana karɓar kunshi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Shi ya sa ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya yake da damar kashi 25 cikin 100 ta dacewa da kai gaba ɗaya, kashi 50 ta dacewa da rabi, kashi 25 kuma ba ku haɗa komai ba. Aka ɗebi jinin 'yan ɗakinmu duka. Ba a samu wanda ya dace gaba ɗaya ba. Aka duba rajistar masu bayarwa ta duniya, nan ma shiru, kuma likitan bai yi mamaki ba, ya ce alamomin baƙar fata sun fi na kowa bambanta da juna, ga shi kuma mu ne mafi ƙaranci a rajistar. Waɗanda suka dace da rabi su biyu ne, Yayata da ƙanena. Umma ma rabi ce, don iyaye kullum rabi ne ga 'ya'yansu, kuma ta so ƙwarai a ɗauki nata. Aka ba ta haƙuri, aka ce an fi son mai ƙuruciya.

Yayata ce ta fara miƙa kanta, sai wani gwaji ya fitar da ita. Jinin mutane da yawa da aka yi ta ƙara mini tun ina yarinya ya bar tarihi a jikina. Duk ledar jini tana zuwa da 'yan alamomin mai ita, garkuwata kuma tana gani tana haddacewa, tana ƙera sinadaran yaƙi, waɗanda likitoci ke kira antibodi, domin ranar da za ta sake haɗuwa da su. Da aka auna, sai aka tarar ina ɗauke da antibodi masu ƙarfi a kan wata alama da ke cikin rabin Yayata da ban gada ba. Da an sa mini ɓargonta, da sun tare shi tun a hanya, kafin ya samu wurin zama. Jinin da ya raya ni shi ya rufe mini wannan ƙofar. Mata da suka haihu ma suna iya samun irin wannan, saboda ɗan da ke ciki yana ɗauke da alamomin ubansa. A kan ƙanena ba a samu komai ba. Shi AS ne, amma aka ce ba matsala, mai AS yana iya bayarwa, iyaka ni ma in koma AS.

Da aka yi masa bayani cewa za a sa masa barci a zuƙi ɓargon daga ƙashin ƙugunsa ta baya, sai ya juyo ya ce, "Yaya, in dai ɓargo ne a kwashe duka." Likitan ya yi dariya ya ce kaɗan za a ɗiba, kuma cikin 'yan makonni jikinsa zai mayar. Hakan aka yi. Ya ɗan yi ɗingishi ya warware.

Kafin ranar dashe akwai shirin jiki, kuma nan ne aka fara taɓa garkuwata da gangan. Aka sa mini kemo, wato magunguna masu ƙarfi irin na sankara, fuludarabin da siklofosfamaid, aka sa mini wani magani da ake kira ATG wanda ake samu daga jinin zomo, aikinsa kakkaɓe ƙwayoyin T, sannan aka haska ni da radiyeshin daga kai har ƙafa. Ƙwayoyin T su ne ɓangaren fararen jini da ke bin jiki suna duba alamomin HLA, in sun ga baƙuwar alama su kashe mai ita. Suna da abokan aiki da ake kira NK, su kuma abin da ke tayar musu da hankali shi ne su duba ƙwaya su rasa alamar gida a jikinta. Shirin yana da aiki biyu: ya buɗe wuri a ɓargo, ya kuma kwantar da waɗannan har sabbin ƙwayoyin su kafu.

Akwai shiri mai ƙarfi da ke share tsohon ɓargo ƙarƙaf, ana yi wa yara da yawa shi kuma yana kamawa da kyau. Amma babba mai sikila, wanda ciwon ya riga ya taɓa masa ƙoda da huhu da hanta, ba lallai ya iya ɗauka ba. Sai aka yi mini mai sauƙin. Likitan bai ɓoye mini farashinsa ba. Ya ce kamar gona ce da aka share sama-sama aka yi dashe, saiwar tsohuwar ciyawa tana nan a ƙasa, in ruwa ya sauka tana iya tohowa ta shaƙe shukar. Ya ƙara da cewa mu masu sikila mun fi masu sankarar jini fuskantar wannan, domin su kemo ya riga ya gajiyar da garkuwarsu tun kafin dashe, mu kuwa tamu lafiyarta ƙalau, ga ta a fusace saboda kumburin ciwon da yawan ƙarin jini. A gwaje-gwajen farko na dashen rabi ga masu sikila, da yawa jikinsu ya kori ɓargon, sai da aka ƙara ƙarfin shirin abin ya gyaru.

Ranar dashen ba a yanka ni ba, ba a kai ni ɗakin tiyata ba. Leda ce aka rataya, aka jona da bututun da ke ƙirjina, tana ɗiga. Ƙwayoyin da kansu suke bin jini su gano hanyar ɓargo su shige. Umma na gefe tana ta addu'a, ni kuma barci ma ya ɗan ɗauke ni.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki a duk ilimin nan. Aka bar ni kwanaki ba a ba ni maganin danne garkuwa ko ɗaya ba. Zazzaɓi ya rufe ni, jiki na rawa. Nas ɗin da ke kula da ni ta ce, "Kada ki damu, mun san da zuwansa." Cikin ledar nan ba ƙwayoyin tushe kaɗai ba ne, akwai ƙwayoyin T na ƙanena da suka riga suka balaga. Suna shiga suka ga rabin alamomina baƙi ne, suka fara hayayyafa don su yi yaƙi. Nawa da suka tsira daga shirin su ma suka ga nasa, suka fara tasu hayayyafar. Da gangan ake barinsu su fito fili. A rana ta 3 da ta 4 bayan dashe sai a sake sa siklofosfamaid mai yawa, shi kuma ya fi illata ƙwayoyin da ke tsakiyar rarrabuwa. Masu zumuɗin faɗa daga ɓangarorin biyu su ya fi samu. Waɗanda ke zaune lafiya, da wani rukunin ƙwayoyin T masu kwantar da tarzoma, sun fi tsira. Ƙwayoyin tushe kuwa suna da wani sinadari a cikinsu da ke karya dafin maganin. A jami'ar Johns Hopkins ta Amurka aka ɓullo da wannan dabara, kuma ita ce ta sa dashen rabi ya zama abin da ake yi yau da kullum. Ba don ita ba, da ni ba ni da mai ba ni. Ana gama sa maganin zazzaɓin ya sauka. Daga rana ta 5 aka fara ba ni magungunan danne garkuwa, ciki har da sirolimus, wanda asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da aka samo a ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke tekun Pasifik.

Sai zaman jira. Fararen jinina suka sauka har na'ura ta kasa ƙirgawa. Ɗaki ni kaɗai, mai shigowa sai ya wanke hannu ya rufe baki da hanci, bakina ya yi gyambo, gashi ya zube. Kullum da asuba a ɗebi jini, kullum da hantsi a zo a ce tukuna. Abin da ake jira shi ne wani nau'in fararen jini mai suna nutrofil ya kai 500 a kowace mikrolita, wato ɗan ƙanƙanin ma'aunin jini, ya tsaya haka kwana uku a jere. Yawanci tsakanin mako biyu zuwa huɗu yake ɗauka. Nawa ya zo cikin lokacinsa, alhamdu lillahi. 'Yan'uwa suka yi ta murna a waya, ana cewa an gama. Likitan dai cewa ya yi, "Ya kama. Saura ya zauna."

Ba a jima ba tafin hannuna da na ƙafata suka yi ja suna zafi, ƙuraje suka feso a wuya da bayan kunne. Wannan shi ne tsoro na biyu, garkuwar ƙanena ta fara taɓa fatata. Fata da hanji da hanta ta fi kamawa a watannin farko. In ta zama mai daɗewa kuma takan busar da ido da baki, ta ɗaure fata, wani lokaci ta kai ga huhu. Tawa ta tsaya a fata, aka ba ni sitiroid, wani maganin danne garkuwa, ta lafa. Ga mai sankarar jini, ɗan wannan faɗan yana da amfani, don sabuwar garkuwar tana bin ragowar ƙwayoyin sankarar tana kashewa. Ga mai sikila ba shi da ribar komai, wahala ce zalla. Shi ya sa likitocinmu suka fi tsananta tsaro a kansa.

Sitiroid ɗin ya buɗe wata ƙofar. Akwai ƙwayar cuta da ake kira CMV, yawancin manya suna ɗauke da ita a kwance tun suna yara ba tare da sun sani ba, garkuwar jiki ce ke danne ta. Da aka danne garkuwar sai ta ɗago kai a gwajin jini. Maganin da aka ba ni a kanta kuma yana taɓa ɓargo, ƙirgen jinina ya sake sauka. A nan na ga irin lissafin da likitocin nan ke yi kowane mako. In an ƙara maganin danne garkuwa, cuta ta samu hanya. In an rage, ko dai tawa ta tashi ta kori ɓargon, ko tasa ta tashi ta kama fatata. Babu adadin da ya dace da kowa, shi ya sa ake ta auna yawan maganin a jini ana gyarawa. Na ga mutane na ƙorafin yawan ɗibar jini bayan dashe. A ganina, asibitin da ba ya yawan ɗiba shi ne abin tsoro.

Gwajin da ya fi kowanne riƙe mini zuciya shi ne na kaso. Ana ɗaukar jini a duba kashi nawa na ƙanena ne, kashi nawa nawa ne. Kuma ba a dunƙule ake dubawa ba. Ana ware layin da ke haifar da jajayen jini da nutrofil daban, a ware ƙwayoyin T daban. A wurina layin farko kusan duk nasa ne tun da wuri. Ƙwayoyin T kuwa a gauraye suke, nawa na da ba su ƙare ba.

Likitan ya ce mai sikila ba ya bukatar ɗari bisa ɗari. Lafiyayyar jar ƙwaya tana rayuwa kusan kwana 120, mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Ko da ɓargon mai bayarwa kaɗan ne, jajayensa suna daɗewa suna taruwa har su mamaye jini. An lura cewa in kason mai bayarwa a layin nan ya tsaya a kan kashi 20 zuwa 25 ko sama, alamun sikila ba sa dawowa. Don haka zama a gauraye ba laifi ba ne. Abin da ake tsoro shi ne a ga lambar tana gangarowa gwaji bayan gwaji.

Haka kuwa ta faru da ni, kuma a lokacin da na fi jin daɗin jikina a duk rayuwata. Ciwo ya ɗauke, idona ya washe daga ruwan ɗorawar da na saba gani a madubi, ina hawa bene ba na tsayawa hutu. Da lokacin da tsarin ya tanada ya yi, aka fara rage mini sirolimus a hankali. Gwajin da ya biyo baya ya nuna kason ƙwayoyin T na ƙanena ya ragu. Na gaba ya nuna ya ƙara raguwa, kuma ɗaya layin ma ya fara motsi. Ban ji komai a jikina ba, ko ciwon kai. Wannan ne abin da nake so duk mai shirin dashe ya riƙe: jiki yana iya korar ɓargo shiru, ba zazzaɓi ba ciwo, kuma jajayen da ke yawo za su ci gaba da riƙe mutum watanni bayan masana'antar ta fara rufewa. Takarda ce kawai ke faɗa.

Likitan ya ce tsoffin ƙwayoyin T ɗina ne suka farfaɗo da aka sassauta musu. Ya mayar da maganin yadda yake, ya matso da gwaje-gwajen kusa da juna. Ya ambaci wasu hanyoyin in hakan bai yi ba, kamar a sake ɗibar fararen jinin ƙanena a ƙara mini don su ƙarfafa ɓangarensa, amma ya ce hakan na iya tayar da faɗan fata da hanji, ba ya so sai dole. Na kira ƙanena na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ko nawa ne ba shi da kyau?" Na ce masa nasa lafiya lau, nawa ne ke da taurin kai. Watannin nan sun fi mini zaman ɗakin keɓewa wuya, domin a can ina jin ciwon ina ganin abin da nake faɗa da shi. A nan kuwa lafiyata ƙalau, ina jiran lamba. Gangarowar ta tsaya. Ba ta koma inda take da farko ba, amma ta zauna wuri ɗaya, nesa da inda ake tsoro.

Akwai wata baiwar Allah da muka yi zaman asibiti tare, ita ma sikila, ita ma dashen rabi, daga mahaifinta. Nata ya kama kamar nawa, daga baya ya zame gaba ɗaya, duk abin da aka gwada bai tsayar da shi ba. Da yake shirin mai sauƙi aka yi mata, tsohon ɓargonta ya dawo aiki, bai bar ta ba jini ba. Wannan ita ce fa'idar shiri mai sauƙi, in an faɗi akwai inda za a faɗa. Amma da ɓargonta ya dawo, da sikilarsa ya dawo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganganun da suka biyo baya, wai ko ba ta shan magani a kan lokaci, wai ko ta yi sakaci. Na zauna da ita, na ga yadda take sa ƙararrawa a waya saboda kowace ƙwaya. Garkuwar jikinta ce ta yi aikin da aka halicce ta dominsa, ta ga baƙo ta kore shi. Wanda dashensa bai zauna ba ba ya bukatar a ɗora masa laifi a kan abin da ya riga ya ɗauka. Har yanzu muna waya, kuma ita ce ke fara tambayata sakamakon gwajina.

Na tambayi likitan ko akwai ranar da garkuwa biyu za su daina kallon juna. Ya ce akwai, kuma nan ne dashen ɓargo ya fi na ƙoda. Mai ƙoda yawanci har ƙarshen rayuwarsa yana shan maganin danne garkuwa. Mai ɓargo ana sa ran wata rana ya daina. Ya ba ni labarin wani masani, Ray Owen, da ya lura a 1945 cewa tagwayen maruƙa da suka yi tarayya a jini tun suna ciki suna girma kowanne ɗauke da jinin ɗan'uwansa, ba tare da jikinsu ya ƙi ba. Peter Medawar da abokan aikinsa suka nuna a kan ɓeraye a 1953 cewa ana iya koya wa jiki wannan haƙurin, ya samu Nobel a 1960 tare da Macfarlane Burnet. Wato sanin nawa da ba nawa ba koyonsa ake yi. Makarantar kuwa wata 'yar tsoka ce a bayan ƙashin ƙirji, taimos. Sabbin ƙwayoyin T da ƙwayoyin tushen ƙanena ke haifarwa yanzu a cikina suna bi ta taimos ɗina, duk wadda ta nuna za ta yaƙi jikina ko jininsa a cire ta tun ba ta fito ba. Su waɗannan sun tashi sun san mu duka biyu. Matsalar ita ce taimos tana ƙanƙancewa da shekaru, a babba aikinta a hankali yake tafiya. Wannan na cikin dalilan da suka sa dashe ya fi kyau a yara.

Tun da na shiga wannan harka nake cin karo da tallace-tallacen allurar ƙwayoyin tushe, wai tana maganin ciwon suga da shanyewar jiki da tsufa, a yi maka yau ka koma gida yau. Tambayata gare su ɗaya ce: ƙwayoyin na wane ne, kuma me zai hana jiki kashe su? Ni da ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya, sai da aka yi kemo da radiyeshin da dogon shan magani, duk da haka jikina ya nemi korarsu. Ƙwayoyin baƙo da aka tsira wa mutum ba gwajin HLA, ba shirin komai, garkuwa ba ta barinsu su daɗe. Masu binciken gaskiya wannan katangar ce ke gabansu. Waɗanda ke ƙera ƙwayoyin insulin daga ƙwayoyin tushe don masu ciwon suga nau'i na 1 sai sun haɗa wa majinyatan da maganin danne garkuwa. Maganin Casgevy da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023 kuwa kauce wa matsalar ya yi gaba ɗaya: a ciro ƙwayoyin tushen mai sikila nasa na kansa, a gyara su, a mayar masa. Ba baƙo, ba kora. Amma shi ma sai an sa kemo mai ƙarfi don a buɗe musu wuri.

Sauran abubuwan zan taƙaita. Rigakafin da aka yi mini ina yarinya duk ya goge tare da tsohuwar garkuwar, sai da aka sake farawa daga farko, masu ɗauke da ƙwayar cuta mai rai irin ta ƙyanda kuma sai an shekara biyu da dashe kuma an daina maganin danne garkuwa, don haka ni har yanzu ban kai gare su ba. Rukunin jinina a da A ne, yanzu O ne irin na ƙanena. In aka duba kuromosom a jinina za a ga na namiji, abin da ya ba shi abin tsokanata har abada. Gwajin sikila yana nuna AS. Sai dai ƙwayayen haihuwata ba su canza ba, duk ɗan da zan haifa zai gaji S daga wurina, kuma kemo da radiyeshin suna iya taɓa haihuwar kanta, maganar da ya kamata a yi da likita tun kafin a fara shiri. Ɓarnar da sikila ta riga ta yi wa ƙashin ƙuguna tana nan, dashe ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace.

Ina shan sirolimus har yanzu, kaɗan. Likitan ya ce za mu sake gwada ragewa, amma a wannan karon taki ɗaya-ɗaya, kuma ba za a sauka mataki na gaba ba sai gwajin kaso ya fito ya nuna ƙwayoyin T na ƙanena ba su ja da baya ba. In sun ja, a koma inda aka baro a ƙara jira. Ya ce akwai masu dashe irin nawa da suka daina maganin gaba ɗaya, akwai kuma waɗanda suka ci gaba da shan kaɗan na shekaru, kuma duka biyun ba sa kwanciya asibiti da ciwon sikila.